Jirgin Robar Yaya Kallamu

Ni dai har gobe idan na ga yaro yana wasa da 'yan robobin nan da ake harhaɗawa su zama mota ko jirgi, sai na ji raina ya ɓaci. Jikokina sun sani, ba a shigo min da su ɗaki. Suna cewa Hajiya Yalwa ta cika masifa. To, a ce ɗin. Su ba su san abin da robar nan ta yi wa gidanmu ba.

Takalma nake sarowa, shagona yana Ƙofar Wambai, kuma na daɗe ina zuwa Guangzhou. Amma tafiyar da na yi a shekarar da China ta karɓi gasar Olamfik ba ta takalmi ba ce. Bizar ma da kyar na samu, 'yar gajeriya, don a shekarar sun tsaurara kamar mu ne za mu sace musu filin wasan. Inna ce ta aike ni. Ciwon suga ya riga ya cinye mata ido, ƙafafu sun kumbura, ko banɗaki sai an riƙe ta. Ta kamo hannuna ta ce, "Yalwa, ki je ki taho min da yayanki. Ban ce ki taho da tsarabarsa ba, shi nake so."

Yaya Kallamu shi ne babba a ɗakinmu, kuma shi ya fara zuwa China a duk layinmu na Gwammaja. Lokacin da yake turo janareto da tayil, in ya zo gida har maƙwabta sai sun ci nama. Daga baya wani abokin kasuwancinsa ya yi awon gaba da kayansa, ya ce bari ya ɗan tsaya ya farfaɗo kafin ya dawo. Ɗan tsayawar nan ita ta zama shekaru, bizarsa ta mutu a hannunsa. Wanda bizarsa ta mutu a garin nan kuwa hanyar fitarsa ɗaya ce: ya kai kansa wurin 'yan sanda, ya biya tara, a ɗan tsare shi, a ɗora shi a jirgi. Na san da haka, shi ya sa na sayar da gwalagwalaina kafin na taso. Ba abin da ya rage sai shi ya miƙe ya bi ni.

Na same shi a wani ɗaki a hawa na sama, can cikin lungunan da ke bayan titin Huanshi Lu, inda gidaje suka matse har kana iya miƙa wa maƙwabcinka gishiri ta taga. Saboda wasannin, 'yan sanda gida-gida suke bi suna duba fasfon baƙaƙe, ya daɗe rabonsa da fita da rana, har Juma'a ya daina zuwa. Ya rame, gemu ya yi fari, ga zafin garin mai sa riga ta manne a jiki, shi kuma daga shi sai singileti.

"Yalwa, kin ganki kuwa? Wannan ƙiba haka, duk takalman kike cinyewa?"

"Kai ma ka faɗa, Yaya. Tashi ka haɗa kayanka, Inna na kiranka."

Ya ce in zauna tukuna. Ya ciro wani hoto da ya manna a bango, na wani jirgin sama mai launin toka. Ya ce wannan ba hoton jirgin gaske ba ne, roba ce. Kwali ne kake saye, a ciki akwai gutsattsarin roba birjik da takarda mai zane da ke nuna maka wanne zai shiga cikin wanne, kana bi kana maƙalawa har jirgi ya tashi. Akwai na jirgin ruwa, na gada, na tarakta, na gidan sama, iri-iri. Ya ce ya tura samfur Kano, wani mai makarantun kuɗi ya gani ya ce ko nawa ne a kawo masa, yara za su koyi haɗa abu da hannunsu. Ya samu wani kamfani da zai rufe, ya kwashe ragowar kayansu kaf da ɗan abin da ya tara a shekarun nan.

"Da wannan zan shiga gida. Kayan suna sito, Malam Tankari yana ɗaure min su. Ranar da kwantena ta tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha, washegari da ƙafata zan kai kaina. Na yi miki alkawari."

Wallahi na ji daɗi. Na ce ashe abin da sauƙi, har na kira gida na ce a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Malam Tankari mutumin Maradi ne, dattijo, kuma duk mai saro kaya a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu ya san shi. A kwantena fili ake biya, ba nauyi ba, kwali kuma rabinsa iska ce. Don haka mu masu takalma ba ma ɗaukar kwali. A zare takalmi, a ɗaure ƙafa biyu wuri guda, a cusa a buhu, a hau kai a danne. A wannan aikin ba wanda ya kama ƙafar Tankari, kayan da wani zai ce ba za su shiga ba shi sai ya shigar har ya bar maka wurin tabarma. Shi ne kuma yake kai wa Yaya abinci tun da fita ta gagare shi. A lokacin kwantena ta yi wuya, ɗan lungu kawai Yaya ya samu a ta haɗaka, sai ya ce wa Tankari ta waya, "Ka dai san yadda za ka yi su shiga."

Da na je siton duba nawa kayan, Tankari ya ja ni gefe yana murmushi ya nuna min wasu buhuna a jere, an ɗinke bakinsu tsaf.

"Hajiya, ga kayan yayanki. Da kin ga tulin kwalayen da sai kin yi mamaki, sun kai rufi. Yanzu dubi, ko rabin hilin da ya biya ba su ci ba."

Na taɓa buhu ɗaya na ji yana ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa. Na ce, "Kai, Malam Tankari, Allah ya yi maka albarka, ai kai ɗin na daban ne." Ni 'yar takalmi ce, abin da idona ya gani aiki ne mai kyau. Har rangwaɗa nake a hanya don zan kai albishir.

Yaya yana cin shinkafa na shiga. Na ce albishirinka, Tankari ya rage maka fiye da rabin fili, ya cire kwalayen duka ya juye a buhu. Cokalin ya tsaya a hannunsa.

"Ya juye me a buhu?"

"Robobin mana."

"Kowane kwali da buhunsa?"

"Haba Yaya, buhu nawa ke nan? Gaba ɗaya dai, kamar yadda ake yi."

Bai ko nemi riga ba. Mutumin da ya daɗe bai leƙa titi da rana ba, sai ga shi yana sauka da gudu da silifa, ina binsa ina kira. Ya tsallaka Huanshi Lu ta gaban motar 'yan sanda, ko kallonta bai yi ba. Allah ne dai ya rufe musu ido.

A siton ya fizgi wuƙa ya farke buhu ɗaya. Abin ya zubo ƙasa, shaaa, gutsattsari ƙanana, wasu kamar ƙwayar wake, wasu kamar ɗan yatsa, duk launinsu ɗaya, toka-toka. Na jirgin sama da na tarakta da na gada duk sun cakuɗe. Ya durƙusa ya cusa hannu ciki ya ɗebo, ya bar su suna zubewa ta tsakanin yatsunsa.

Tankari ya matso, murmushinsa ya fara gushewa. "Mi ya faru, Kallamu? Wallahi ko guda bai ɓace ba, har ƙasa na sa aka share aka zuba."

"Takardun fa?"

"Waɗanne? Masu zane da rubutun Sinawa? Ai na haɗa da kwalayen na ba tsohuwar da ke sayen kwali. Na ga takardun talla ne."

A nan na gane. Kuɗin Yaya ba a robar yake ba, a kwalin yake da takardar. Kwalin ne ya san waɗanne gutsattsari ne 'yan gida ɗaya, takardar ce ta san inda kowanne zai zauna. Tankari ya zubar da abin da aka saya ya adana shara, kuma ya yi hakan ne don ƙauna, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ba wanda zan zaga in huce.

Mun nemi tsohuwar, muka same ta da kekenta mai ƙafa uku. Ta yi mana nuni da hannu cewa an riga an jiƙa an danne an tafi da su. Muka je shagon lawban, wato Basinen mai shago, wanda ya haɗa cinikin, ina magana Tankari yana fassarawa da guntun Sinancinsa. Mutumin ko ɗago kai bai yi daga talabijin ba, ana nuna masu ninkaya. "Meyo, meyo," kawai yake cewa, babu. Kamfanin ya rufe, an sa kwaɗo a ƙofa, ma'aikatan sun koma ƙauyukansu. Na ce ko takarda ɗaya ta kowane iri a taimaka mana da ita. Ya sake cewa meyo ya ƙara ƙarar talabijin. Da a Kano ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Tankari ya zauna a bakin titi ya yi kuka da hawaye, dattijo da gemunsa. Shi kuwa Yaya ko ɗaga murya bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi min. Cewa ya yi kada a loda buhunan, a kai masa su ɗaki.

"A kai ɗaki a yi me da su?" na ce.

"Zan tsince su."

Na ɗauka zafin abin ne, zai huce. Ina! Kafin a jima ɗakin nan ya koma kamar na mai sayar da tsaba. Faranti, kofi, murfin tukunya, gwangwanin madara, kowanne da irin gutsuren da ke ciki. Yana zaune a tsakiya, hoton jirgin nan a gabansa, ya ɗauki guda ya juya shi ya gwada da wani, bai shiga ba, ya ajiye ya ɗauki wani. Bayan la'asar Tankari zai zo da abinci ya tuɓe takalmi ya zauna shi ma, da manyan yatsunsa na ɗaurin buhu, yana tsinta yana istigfari. Dattawa biyu a kan kayan wasan yara. A ƙasa kuwa duk shagon da ka wuce ihu ake ana murnar lambar zinare.

Na yi lallashi, na yi nasiha, na kawo ayar da na sani. Na ce Yaya, buhu ɗaya ma sai ka shekara ba ka gama ba, kuma in ka gama wa zai sayi abin da ba kwali ba takarda? Ya ce shi zai zana takardar da kansa in ya gane yadda suke. Na kira gida na sa aka kara wa Inna waya a kunne, na manna masa tawa. Ina jin muryarta, ta yi ƙasa sosai.

"Kallamu, yaushe?"

"Na kusa, Inna. Wani ɗan aiki ne ya rage."

"To. Allah ya yi albarka. Kada dai aikin ya fi ni sauri."

Ya miƙo min wayar da hannun hagu, na dama yana cikin faranti. A nan haƙurina ya ƙare. Na sa ƙafa na yi fatali da babban farantin da ya kwana biyu yana tarawa, robobi suka watse har ƙarƙashin gado. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Uwarka tana bakin kabari kana nan kana wasan yara! Ga kuɗin tara a jakata, ga na jirgi, me kake jira? Ba kaya kake tsincewa ba, Yaya, kunya kake ji, kuma kunyar banza!"

Ya sa gwiwa a ƙasa yana bin su ɗaya-ɗaya yana mayarwa. Ganin yayana yana rarrafe a gabana ya fi min ciwo a kan ya mare ni. Sai da ya tattara ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kin san yadda na fita daga layin nan. Yanzu in koma hannu Rabbana, a ce ga Kallamu can, ƙanwarsa ce ta fanso shi da 'yan kunnenta?"

"Inna ko ganinka ba za ta yi ba, balle ta ga hannunka."

"Za ta ji a bakin mutane."

"To wallahi ni zan je in kira maka 'yan sandan da kaina, su ɗauke ka ko kana so ko ba ka so."

Ya ɗago ya kalli tagar ɗakin, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "In sun hawo ta matakala, ni ta nan zan sauka." A hankali ya faɗa, kuma na san halin gidanmu, ba ma faɗin abin da ba za mu yi ba. Ban sake tayar da maganar ba.

Bizata ta zo ƙarshe. In na ƙara kwana ni ma na zama irinsa, Inna ta rasa biyu. Na damƙa wa Tankari kuɗin, na ce duk ranar da ya sauko daga dokin naƙin nan ka raka shi wurin 'yan sanda. Tankari ya karɓa da hannu biyu yana cewa in yafe masa. Na ce Malam, ni ban riƙe ka ba, ka yi abin da ka iya ne.

Da safen da zan tafi na hau yi masa sallama. Ya miƙo min wani abu a naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Na buɗe, jirgin ne. Daga duk buhunan nan guda ɗaya tak ya tashi, tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau, har da 'yan tagoginsa. Yatsun Yaya duk sun yayyanke, idonsa ya yi ja.

"Ki kai wa Inna. Ki ce mata na gane kansu yanzu, sauran ba za su ɗau lokaci ba."

Na so in buga shi da bango. Na sa a jakar hannu na sauka, ina kuka har tasha.

Da na shiga gida Inna tana kwance a kan katifa a tsakar ɗaki. Tun daga zaure take sauraron takun ƙafa. Na yi sallama, ta amsa, ta kasa kunne tana jiran sallama ta biyu.

"Ke kaɗai ce?"

"Yana nan tafe, Inna. Ya ce a ba ki wannan, shi ya haɗa da hannunsa."

Na ɗora mata a cinya. Ta bi shi da yatsu tun daga hanci har wutsiya, a hankali, kamar yadda take shafa fuskar jariri in an kawo mata. Ta tambaya mene ne, na ce jirgin sama ne. Ta ce, "Jirgi. Shi wannan ba ya ɗaukar mutum?" Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Ta sake shafawa, ta kama fiffike ɗaya, ta kama ɗayan, ta auna su da tafin hannu.

"Na dama ya fi na hagu tsawo. Ashe bai gama ba ne. Shi ya sa bai taho ba, Kallamu ba ya barin aiki rabi."

Ta sa aka ajiye mata shi kusa da matashi. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce a nuna masa abin da ɗanta ya ƙera a China. Azumi ya kama, a goman tsakiya ta cika, da rana tsaka, ina riƙe da ƙafarta.

Sai da aka dawo daga maƙabarta na iya kiransa. Na gaya masa. Ya yi salati, ina jin numfashinsa. A bayan numfashin kuma ina jin ƙarar nan da na sani, ƙaras-ƙaras, hannunsa yana cikin faranti.

"Yalwa, ta karɓi jirgin?"

"Ta karɓa."

"Ta lura da fiffiken dama? Ba nasa ba ne, na wani iri ne na dasa masa."

"Ta lura, Yaya."

"Na samo nasa jiya," ya ce. "Wa kika sani zai taho Kano cikin satin nan?"

Na ce masa an riga an kai Inna, na kashe wayar.